Motar Takarda: Yadda Za Ka Tsara Motarka da Injinta Har Bakanike Ya Yarda

Wanda ya taso a Arewa, da wuya a ce bai taɓa ƙera mota ba. Ko ta kara, ko ta gwangwanin madara, ko ta waya mai dogon sitiyari da ake turawa ana bin ta da gudu, tayoyinta an yanko su daga tsohon silifas. Yawancinmu da girma ya zo muka watsar. Wasu kuwa ba su watsar ba, takarda da fensir suka koma, ko kwamfuta: mutum ya zauna ya ƙirƙiro motar da babu ita a duniya, ya raɗa mata suna, ya yanka mata shekarar fitowa, ya tsara injinta tun daga faɗin silinda har yawan giya. Ni ma ina cikinsu. Kuma kada a raina abin. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi aiki da General Motors, wanda zanensa aka ɗauka wajen siffar Chevrolet Volt da aka fara nunawa a 2007, zanen mota ne ya zame masa sana'a.

Mota ta farko da na ɓata wa lokaci sosai, na ba ta inji mai silinda 12 da ƙarfin doki 600, alhali tsawonta bai kai na Golf ba. Na kai wa wani dattijon bakanike a unguwarmu ina jiran yabo. Ya goge hannu da tsumma, ya karɓi takardar, ya ɗan nisanta ta da idonsa ya duba.

"To yaro, direban a kan inji zai zauna? Ina lagireto?"

Na ce, "Baba, ai zane ne kawai."

Ya ce, "Ko a zane ne ai ruwa sai ya sami wurin zama."

Abin da wannan jagora za ta koya maka ke nan: yadda alƙaluman motarka za su yarda da junansu. Zan bi matakan da mota guda da na ƙirƙira, na sa mata suna Taguwa. Kayan aikinka takardar A4, fensir, rula da kalkuletar wayarka.

Fara da mai saye

Kafin ka ja layi ko ɗaya, rubuta amsar tambaya uku a saman takarda. Wa zai sayi motar? A wace hanya za ta ƙare rayuwarta? A wace shekara ta fito?

Taguwa ta fito a 1988. Doguwa ce mai kujeru layi uku, tana ɗaukar mutum bakwai har da direba, ga kaya a baya. Hanyarta Kano zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600: zafin bazara, ƙurar hunturu, man da ba kullum yake da kyau ba, kuma idan ta tsaya, bakaniken bakin titi ne zai duba ta da sifana da sukundireba. Waɗannan 'yan layuka sun riga sun yanke rabin hukuncin da ke gaba. Sun hana ni inji mai tsada, sun hana ni mota mai jan ciki a ƙasa.

Sai ka nemo mata kishiya ta gaskiya, motar da za su yi takara a kasuwa. Ta Taguwa ita ce Peugeot 504, Fijon da kowa ya sani, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, aka riƙa haɗa ta a masana'antar PAN ta Kaduna da ta fara aiki a 1975. Amfanin kishiya shi ne ta zame maka ma'auni. Duk alƙalamin da ka rubuta, ka ajiye shi kusa da nata. Idan taka ta fi ta ƙarfi, ta fi ta sauƙin nauyi, ta fi ta ƙarancin shan mai, kuma ta fi ta araha, to ba gwaninta ka yi ba, ƙarya ka yi.

Shekara ma tana ɗaure hannu. Motar aiki ta 1988 kafireta ce ta dace da ita, babu allon taɓawa, babu na'urar da za a jona a karanto ciwon inji. Doka ita ma haka. Ƙananan motocin Japan da ake kira kei, dokar ƙasar ce ta ƙayyade injinsu kada ya wuce cc 660 (cc ma'aunin girman cikin inji ne, 1,000 ke yin lita ɗaya), tsawonsu kada ya wuce mita 3.4, shi ya sa suka fito kamar akwati, an miƙe su sama tunda an hana su tsawo. Idan ƙasar da motarka za ta fito ita ma ƙirƙirarriya ce, ƙirƙiro mata irin wannan doka. Takura tana haifar da zane mai hali fiye da sakewa.

Awon jiki: mutum kafin ƙarfe

Yi amfani da ma'aunin 1 bisa 20, wato kowace milimita a takarda tana wakiltar milimita 20 a mota. Da shi motar mita biyar za ta shiga A4 a kwance.

Ja layin ƙasa. Awo na farko shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da tsakiyar tayar baya, domin a cikinta mutane suke zama. Ta 504 salun milimita 2,740 ce, ta doguwar kuma 2,900. Na ɗauki 2,900, wanda a takarda ya zama milimita 145. Na bar 800 gaba da tayar gaba, 1,100 bayan tayar baya, jimlar tsawo 4,800. Faɗi 1,720, tsayi 1,600, tsakanin cikinta da ƙasa 200 saboda ramuka.

Yanzu taya. Lambar da ke jikin taya lissafi ce. Ɗauki 185/80 R14: faɗinta milimita 185, tsayin gefenta kashi 80 cikin ɗari na faɗin, wato 148, rim ɗin kuma inci 14, wato milimita 355.6. Haɗa gefe biyu da rim: 148 da 148 da 355.6, ya ba ka kusan 652. A takarda da'ira ce mai faɗin milimita 33. Kewayenta, 652 sau 3.14, kusan mita 2.05. Rubuta wannan a gefe, za mu neme shi wajen giya.

Kafin ka zana rufi, zana mutum. Yanki kwali ka yi ɗan mutum mai gaɓoɓi a ma'aunin nan, ka zaunar da shi. Daga kan kujera zuwa rufi yana son kusan mita ɗaya. Ni nakan ƙara kaɗan, domin mai sayen Taguwa da hula yake tuƙi, kuma duk wanda ya taɓa cire hularsa ya ɗora a gwiwa tun daga Wudil har Potiskum ya san abin da nake nufi. Zaunar da shi a layi na biyu da na uku, ka duba gwiwarsa. A layi na uku za ka gane cewa ƙarƙashinsa aksul ɗin baya yake, dole kujerar ta ɗaga, dole rufin ya bi ta. Ka ga siffar motar ta fara fitowa da kanta ba tare da ka yi mata kwalliya ba.

Ina inji zai zauna, wace taya za ta ja?

Zaɓin ba shi da yawa. Inji a gaba a gicciye yana jan tayoyin gaba, shi ne tsarin da Mini ta Alec Issigonis ta yaɗa tun 1959, kuma shi yawancin ƙananan motoci suke bi yau saboda yana bar wa fasinja wuri. Inji a baya, kamar tsohuwar Beetle mai sanyaya kanta da iska. Inji a tsakiya, na motocin tsere ne masu kujera biyu. Sai inji a gaba a miƙe, farfela ta ratsa ƙarƙashi ta kai ƙarfi tayoyin baya.

Na ƙarshen na ba Taguwa. Idan aka yi mata lodi, nauyin kan tayoyin baya yake sauka, gara su ne masu ja. Ga bakanike yana samun wurin zura hannu ta kowane gefen injin. Kuɗin da na biya shi ne tudun farfela a tsakiyar daɓe, wanda fasinjan tsakiya zai yi ta raba ƙafa a kansa. Kowane zaɓi rubuta abin da ya ci maka kusa da abin da ya ba ka.

Inji

Nan ne daɗin aikin yake, nan kuma aka fi tafka kuskure.

Fara da yawan silinda da jerinsu. Injin mota mai bugu huɗu yana juyawa sau biyu, digiri 720, kafin kowace silinda ta yi wuta sau ɗaya. Raba 720 da yawan silinda ka sami tazarar wuta: mai huɗu kowane digiri 180, mai shida kowane 120, mai takwas kowane 90. Shi ya sa yawan silinda ke kawo laushi, shi ya sa kuma V8, mai silinda takwas a layi biyu da suka buɗe kamar harafin V, yawanci kwanarsa digiri 90 ce, V6 mai kyau kuma 60. Mai shida a jere shi ne ɗan gata, fistocinsa suna daidaita juna ba ya jijjiga, jerin wutarsa 1-5-3-6-2-4. Laifinsa tsawo. Mai huɗu a jere, 1-3-4-2, gajere ne mai araha, amma da zarar ya haura lita biyu jijjigarsa takan fara fitowa, har wasu kamfanoni su ƙara masa sanduna biyu masu juyawa don su kashe ta. Taguwa mai huɗu ce, fulogi huɗu, kuɗin gyara kaɗan. Jijjigar kuwa na bar ta, motar haya ce ba ta ɗaukar amarya ba.

Sai girma. Abu biyu suke yin sa: faɗin silinda, da nisan tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa. Lissafin shi ne faɗi sau faɗi, sau 0.7854, sau tafiya, sau yawan silinda, a raba da 1,000 idan da milimita aka yi. Gwada shi da injin gaskiya tukuna don ka tabbata hannunka ya faɗa. Injin lita biyu na 504 faɗinsa 88, tafiyarsa 81: 88 sau 88 sau 0.7854 sau 81 sau 4, ya ba da cc 1,971, daidai da abin da ke cikin littafin motar. Gwada injin 2JZ na Toyota, 86 da 86, silinda shida: cc 2,997.

Ina son Taguwa ta ɗan ɗara kishiyarta, kusan lita 2.2. Ga hanya biyu da ke kai wa wuri ɗaya. Faɗi 90 da tafiya 86 suna ba da cc 2,188. Faɗi 87 da tafiya 92 su ma cc 2,188. Girma ɗaya, hali daban. Mai faɗin yana da wurin manyan bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, yana shaƙar iska sosai idan an taka totur, yana son juyi mai yawa. Mai doguwar tafiyar bawul ɗinsa ƙanana ne, numfashinsa yana ƙarewa da wuri, amma a ƙaramin juyi yana aiki cikin natsuwa da ƙarancin shan mai. Kuma ya fi tsayi, sai ka koma zanenka ka duba ko bonet zai rufu. Na ɗauki 87 da 92.

Yanzu iyakar juyi. Ba a rubuta ta da ka, gudun fistin ne ke yanke ta. Ɗauki tafiyar fistin a mita, ka ninka biyu, sau juyin inji a minti, ka raba da 60. Taguwa a juyi 5,500: 0.092 sau 2 sau 5,500 raba 60, kusan mita 17 a daƙiƙa. Wannan lafiya lau ne ga injin da ake so ya daɗe. Dubi can ƙololuwa: injin Honda S2000 ta farko, faɗi 87, tafiya 84, yana kai juyi 9,000, fistinsa na gudun mita 25 a daƙiƙa, kuma wannan yana cikin mafi tsanani da aka taɓa sayarwa a motar titi, da kayan ciki masu tsada. Da na ce Taguwa za ta kai juyi 8,000, fistinta zai yi mita 24.5 a daƙiƙa, da kayan motar haya na 1988. Ba za ta kai Azare ba injin zai buga. Ƙa'idata: motar aiki kada ta wuce 18, motar gudu ta tsaya kusa da 20 zuwa 22, abin da ya haura nan sai da hujja da kuɗi.

Matsi. Shi ne yadda fistin ke danne cakuɗar mai da iska kafin fulogi ya ba da wuta. Yawansa yana ƙara ƙarfi yana rage shan mai, amma yana neman fetur mai kyau, in ba haka ba cakuɗar ta kama da kanta kafin lokaci, ka ji injin yana ƙwanƙwasa a hawa. Mazda ta kai 14 bisa 1 a wasu injinanta na Skyactiv na fetur, da nozul mai fesawa kai tsaye cikin silinda da kwamfuta mai lura da kowane bugu. Injin kafireta a zafin Damaturu ba shi da wannan gata. Na ba shi 8.5 bisa 1. In kana son ka san girman ɗakin wutar da ke saman fistin, raba cc ɗin silinda ɗaya da matsin bayan ka cire ɗaya: 547 raba 7.5, kusan cc 73.

Bawul biyu a kowace silinda, kamshaf ɗaya a sama mai buɗe su, sarƙa ke jan sa ba bel ba, domin mai Taguwa ba zai tuna ranar canza bel ba.

To ga babban wurin. Ƙarfin doki ba zaɓarsa ake yi ba, fitowa yake yi daga lissafi. Abin da inji yake samarwa a zahiri shi ne ƙarfin murɗa, irin wanda hannunka ke sa wa sifana, ana auna shi da Nm. Kuma injin fetur marar turbo yana da iyaka a kan wannan, gwargwadon iskar da zai iya zuƙa. Tsohon inji mai kafireta da bawul biyu yakan ba da kusan Nm 75 zuwa 85 a kowace lita. Na zamani mai bawul huɗu, 95 zuwa 105. Ko injin S2000 ɗin nan da ake yabo, murɗarsa ba ta wuce kusan Nm 104 a lita ba. Dokinsa 240 daga yawan juyi suka fito, ba daga wani sihiri ba. Sai an sa turbo yana tura iska da ƙarfi ake ganin 150 zuwa sama.

Taguwa: Nm 80 sau lita 2.188, ya zama Nm 175, na ajiye ƙololuwarsa a juyi 3,000. Daga nan murɗar tana raguwa yayin da juyi ke hawa. A 5,000 na ƙiyasta saura Nm 150. Don samun ƙarfi, ninka murɗa da juyi ka raba da 9,549, ya ba ka kilowat: 150 sau 5,000 raba 9,549, kilowat 78.5. Sau 1.34, doki 105.

Doki 105 kacal. Na san zuciya tana son 200. To juya lissafin ka gani: doki 200 kilowat 149 ne, a juyi 5,000 yana bukatar Nm 285, wato Nm 130 a kowace lita, abin da injin nan ba zai taɓa yi ba sai da turbo. Duk takardar motar da aka miƙo maka, yi mata wannan gwaji, cikin minti ɗaya za ka san ko mai ita ya yi lissafi ko buri ya rubuta.

Ƙaramin ƙari: inji marar turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iska tana sirancewa. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, don haka Taguwa a can dokinta bai fi 92 ba.

Kafin ka bar inji, auna tsawonsa ka mayar da shi cikin zane. Ƙara kusan milimita 9 a kan faɗin kowace silinda don bango da hanyar ruwa: 96 sau 4, ya zama 384. Ƙara wurin sarƙa, fule da famfon ruwa, ka tashi da kusan 550. Gabansa fanka da lagireto, kuma na hanyar Maiduguri babba ne. Yanki kwali mai wannan awo ka ɗora a zanen. In bai shiga ba, ko ka tsawaita hanci ko ka rage silinda.

Giya

Nauyi tukuna. Taguwa ba kowa a ciki kilo 1,350. Mutum bakwai a kan kilo 70, 490. Kaya 150. Ta doshi tan biyu.

Gudu a kowace giya shi ne juyin inji sau kewayen taya sau 60, a raba da lambar giyar sau lambar aksul sau 1,000. Lambar giya ita ce juyi nawa inji yake yi kafin farfela ta yi ɗaya, ta aksul kuma juyi nawa farfela take yi kafin taya ta yi ɗaya. Fara daga sama. Giya ta huɗu 1.00 ce, wato inji da farfela juyi ɗaya suke yi. Ina son ƙarshen gudun motar ya faɗo daidai inda injin ya fi ƙarfi, juyi 5,000. Da na gwada aksul 4.1 sai na sami kilomita 150 a awa. Na sauko 3.9, na sami 157. Shi na riƙe, za ka ga dalili nan gaba kaɗan.

Giya ta biyar ta doguwar tafiya ce, 0.82. A kilomita 110 a awa injin yana juyi kusan 2,860, dab da inda murɗarsa ta fi yawa. Ba ya ihu, ba ya shan mai da yawa, kuma in direba zai wuce tirela akwai abin takawa.

Giya ta ɗaya aikinta tayar da lodi. Na sa 3.70. Ninka: Nm 175 sau 3.70 sau 3.9, ka cire kashi 15 cikin ɗari da ke ɓacewa a giyabos da aksul, saura kusan Nm 2,150 a tayoyi. Raba da rabin tsayin taya, mita 0.326, ka sami turi na kusan niyuton 6,600 (niyuton ma'aunin turi ne). Nauyin tan biyu kusan niyuton 19,600 ne. Turin ya kai kashi ɗaya bisa uku na nauyin, ma'ana za ta iya hawa gangare mai tsanani da cikakken lodi ba a ce fasinja su sauka su tura ba. Na tsakiya sai ka jera su tazarar tana raguwa yayin da kake hawa: 3.70, 2.15, 1.40, 1.00, 0.82.

Gudun gaskiya

Giya tana faɗa maka gudun da taya za ta iya juyawa ne, ba wanda iska za ta bari ba. Iska kuwa muguwar mai karɓar haraji ce: in ka ninka gudu biyu, ƙarfin da take ci yana ninkuwa takwas.

Ga yadda ake yi. Girman fuskar mota da iska ke bugawa kusan kashi 85 cikin ɗari ne na faɗi sau tsayi: 1.72 sau 1.60 sau 0.85, murabba'in mita 2.34. Lambar santsin jiki ga mota mai kusurwoyi irin ta wancan zamani, na ɗauki 0.42. Ninka su biyun, sau 0.6, wanda shi ne rabin nauyin iskar da ke cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, ka sami 0.59. Mayar da gudu zuwa mita a daƙiƙa ta hanyar raba shi da 3.6. Kilomita 160 ya zama 44.4. Yi 44.4 sau 44.4 sau 44.4, sau 0.59, ka raba da 1,000, kusan kilowat 52. Ƙara kusan 10 na gogayyar taya da kwalta, 62. Abin da ke isa taya daga injin, bayan cire kashi 15 ɗin nan, kilowat 67 ne. Ashe Taguwa za ta ɗan haura 160 ta tsaya, kuma nan ne aksul 3.9 ya ajiye ta. Kilomita 200 kuwa zai nemi kilowat 113 a taya. Ko da za ka rubuta 220 a agogon gudu don burge mai saye, kada ka rubuta shi a takardar bayani.

Tanki: na ƙiyasta lita 11 a kilomita 100 da lodi. Tafiyar 600 za ta sha 66. Na ba ta tankin lita 75, wanda idan ya cika ya ƙara kusan kilo 55. Shi ma kwali ne za ka yanka ka nemar masa wuri, nesa da salansa.

Fuska, da gwaji

Sai yanzu kwalliya, kuma ba zan daɗe a nan ba domin ido kowa da nasa. Ɗora farar takarda a kan zanen awon, ka bi ta sama. Zaɓi layi ɗaya mai ƙarfi da zai tashi daga fitilar gaba zuwa ta baya, sauran su bi shi. Riƙe zamaninka: 1988 fitilu masu kusurwa ne, gilasai manya, ginshiƙai sirara. Ka zana gefe, gaba da baya da awo ɗaya, in ba haka ba za ka tashi da motoci uku.

In kana da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, akwai wasan Automation na kamfanin Camshaft Software da ke New Zealand, wanda aka gina kacokan a kan wannan sha'awa. Kana zaɓar faɗin silinda, tafiyar fistin, matsi da kamshaf, ya zana maka layin murɗa da na ƙarfi, ya kuma gaya maka in fistinka zai karye. Kana iya tura motar cikin BeamNG.drive ka tuƙa ta. Blender kyauta ne ga mai son gina jikin ta kowace fuska. Shawarata dai ka yi lissafin da hannu tukuna, sannan ka shigar, ka ga inda kuka saɓa da na'urar, ka binciko wanda ya yi kuskure a cikinku.

A ƙarshe tattara komai a shafi guda: awo, nauyi, inji, giya, gudu, tanki, da kishiya a gefe. Ka kai wa wanda ya san mota da hannunsa, ba wanda zai ce maka ta yi kyau ba. Ni wurin dattijon nan na koma da Taguwa. Ya bi alƙaluman da ɗan yatsa, ya tsaya a kan 8.5 ya gyaɗa kai, ya tsaya a kan sarƙa ya ce madalla. Sai ya juya zanen gefe, ya daɗe yana kallon bayan motar.

"Layi na uku ga shi, tanki ga shi, kaya ga su. Safaya fa?"

Na duba. Babu inda na bar mata. A ƙarƙashi tanki ya cinye wurin, a ciki kujera ta cinye. Ko dai in tsawaita bayan da milimita 150 in sake lissafin nauyi, ko in rataye ta a ƙofar baya in ƙarfafa ƙyauren, ko in mayar da tankin gaban aksul in ɗaga layi na biyu, hula ta koma gwiwa. Na gwada na farko da na uku a takarda, yanzu ina kan na biyu.